Me ya sa wutar daji take halaka mutane a ƙauyukan Turai, kuma me take bari a baya?

Tambaya: Malam, kusan kowace shekara sai mun ji a rediyo wutar daji ta kashe mutane da yawa a Turai ko Amurka ko Aljeriya. Abin yana ɗaure mini kai. Mu nan da an gama girbi sai ka ga daji yana ci ta ko'ina, amma da wuya ka ji ta kashe mutum hamsin a dare ɗaya. Su da suke da jiragen kashe gobara, me ya sa tasu ta fi kisa? Kuma in wutar ta mutu, yaya mutanen ƙauyukan suke ƙarewa?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar jirgi tukuna. Akwai matakin da idan wuta ta kai, ruwan da jirgi zai zubo ba ya tsinana komai, zafi ya shanye wani kaso nasa tun a sama, ga hayaƙi da iska sun hana matuƙin yin ƙasa. Duk wanda ya yi aikin gandun daji ya san haka. A irin wannan rana abu biyu ne ke raba gardama: yawan abin ci da wutar ta tarar a ƙasa, da kuma inda mutane suke sa'ad da ta iso. Kuma duka biyun tun shekaru kafin ranar aka shirya su. Ni a ganina, wutar da ke cinye ƙauye yawanci ta tarar ƙauyen ya riga ya fara watsewa ne, sai ta ƙarasa shi. Bari in ɗauki waƙi'a guda in bi ta daki-daki, don ka ga abin da nake nufi.

Ranar Asabar 17 ga Yunin 2017, bayan azahar, wuta ta tashi kusa da wani ɗan ƙauye a ƙaramar hukumar Pedrógão Grande, a tsakiyar ƙasar Fotugal. Ka tuna, watan Yuni da mu nan damina ta sauka, su can lokacin zafi ne da fari. Zafin ranar ya haura digiri 40, iska a bushe ƙamas. Da farko 'yan sanda sun ce tsawa ce ba ruwa ta faɗa kan bishiya. Daga baya masu bincike na jami'ar Coimbra suka nuna cewa wayar lantarki ce ta taɓa rassan da ba a sare ba. Har la'asar wuta ce irin wadda suka saba gani. Wajen ƙarfe takwas na yamma abin ya juya. Zafin wutar ya tura hayaƙi sama har ya zama gajimare mai tsayin gaske, sai gajimaren ya rufto, iska mai ƙarfi ta daki ƙasa ta watsa wuta ta kowace fuska. A cikin awa ɗaya ta cinye sama da hekta 4,000. Mutum 66 suka rasu, fiye da 200 suka jikkata, gidaje kusan 500 suka ƙone.

Inda suka mutu shi ne abin lura. Mutum 47 a kan titi guda suka rasu, titin da ya haɗa Figueiró dos Vinhos da Castanheira de Pera, wasu a cikin motoci, wasu a gefen hanya bayan sun fito da gudu. Titin ya ratsa ta tsakiyar bishiyoyi, rassa har bakin kwalta hagu da dama. Hayaƙi ya rufe, direba ba ya ganin gaban motarsa, ta gaba ta tsaya, ta baya ta daki ta, hanya ta toshe. Zafin da irin wannan wuta ke fitarwa yana kashe mutum tun harshenta bai taɓa shi ba. Da yawa daga cikinsu iyalai ne da suka baro gidajensu a firgice, kuma da aka koma aka tarar gidajen na nan tsaye, wuta ba ta ci su ba. A wani ƙauye mai suna Nodeirinho mutum 11 suka rasu, amma a ƙauyen nan dai wasu mutum goma sha wani abu, har da tsohuwa tukuf, suka shige kwatarniyar ruwa ta siminti da ake tara ruwan ƙauye a ciki, suna ta watsa wa kansu ruwa har wutar ta wuce. Dukkansu sun rayu. Ga kuma na'urar sadarwar jami'an agaji ta ƙasar, wadda ake kira SIRESP, ta yi ta katsewa a daidai sa'o'in da ake buƙatarta, domin wutar ta cinye wayoyinta.

To, daga ina wuta ta samu wannan abin ci? Nan ne amsar tambayarka ta farko take. Shekara sittin da suka wuce, tuddan nan cike suke da mutane. Kowane gida na da 'yar gonar masara da dankali, da zaitun, da awaki da tumaki. Mata na shiga daji su kwaso busassun itatuwa don girki, a yanko ƙananan tsirrai a shimfiɗa wa dabbobi a garke, in sun ruɓe da kashi a kai gona. Ba wanda ya kira wannan aikin kashe gobara, amma shi ne. Kowane ƙauye na zagaye da gonaki da makiyaya, wuta in ta zo sai ta rasa abin kamawa ta lafa. Daga shekarun 1960 matasa suka fara ficewa, wasu Faransa, wasu Lisbon. Tsofaffi suka rage. Wanda ya tafi birni ba zai iya noman gonar gado ba, amma yana iya dasa itacen turare ya manta da shi, bayan shekara goma ko goma sha biyu ya sayar wa kamfanin takarda. Haka turare ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dajin ƙasar. Inda ba turare kuma sai wani itace mai ganye kamar allura, mai ƙaro a jiki, shi ma mai saurin kamawa.

Ka san turare, ai muna da shi a gandun gwamnati da bakin hanyoyi. Murza ganyensa ka ji ƙamshi: mai ne. Ɓawonsa yana saɓulewa dogo-dogo ya taru a gindi, in ya kama wuta iska ta ɗauke shi yana ci, ta jefa shi kilomita ɗaya ko fiye a gaban wutar, ya tada sabuwa. Shi ya sa mutum zai ga wuta can nesa bayan tudu, ya juya ya ga bayan gidansa na ci. Sai dai ba na son a ɗora wa turare laifin duka, kamar yadda wasu ke yi. Gandun turaren da manyan kamfanoni ke kula da shi, ana share ƙarƙashinsa, bai cika ƙonewa kamar na ƙananan masu fili ba. Matsalar ita ce filin da ba mai shi a kusa. Kusan dukkan dajin Fotugal na mutane ne, na gwamnati bai taka kara ya karya ba, kuma a tsakiya da arewacin ƙasar an yi ta rabon gado har fili ya koma ƙanana-ƙanana, wasu ma ba a san mai su ba, ba rajista. Doka tana nan tun 2006: a share mita 50 kewaye da gida, mita 100 kewaye da ƙauye, mita 10 a gefen titi. Amma wa zai share? Tsoho mai shekara tamanin da ɗan fansho, ko jikansa da ke Faris bai ma san iyakar filin ba?

Yanzu kwatanta da namu. Wutar dajinmu yawanci ciyawa take ci. Ciyawa na kamawa nan da nan, tana gudu sosai in iskar hunturu ta taso, amma abin cin ba shi da nauyi, cikin 'yan daƙiƙu gaban wutar ya wuce. Kuma kafin ta zo, shanu da awaki sun kiwace rabi, mata sun tsince itace, an yanke gamba an yi zana, an kwashe kara. Ƙasarmu a miƙe take, ba kamar tuddansu ba, kuma wuta in tana hawan tudu gudunta na ninkuwa, kusan ninki biyu a duk ƙarin digiri goma na gangare. Sannan tana ci kusan kowace shekara, saboda haka abin ci ba ya taruwa na shekara talatin. Wato yawan mutanenmu a karkara da talaucin da ke sa mu tsince komai su ne suke kare mu, ba wata dabara ba. Kada kuma wannan ya sa ka raina ta. Tana kashe mutane a nan ma, musamman masu fita tare ta da ɗanyen ganye iska ta juyo musu, da yara masu kiwo, da tsofaffi a ɗakin jinka. Illa dai ɗaya ne nan, biyu can, ba mai tarawa ya kai gidan rediyo.

Wani zai karanta labarin titin nan ya ce ashe zama a gida shi ne tsira. A'a. A Ostiraliya, ranar 7 ga Fabrairun 2009, wuta ta kashe mutum 173 a jihar Victoria, kuma 113 daga cikinsu a cikin gidaje aka same su. Abin da waƙi'o'in biyu suka nuna shi ne, gudun ƙurarren lokaci ne mafi hatsari: ko dai a fita da wuri tun hanya na buɗe, ko a san wurin fakewa da aka tanada tun kafin ranar. Gidajen Fotugal na dutse ne da siminti, shi ya sa da yawa suka tsaya. A ƙauyen da rufin ciyawa ne da dangar kara, ɗaki ba mafaka ba ne. Fili fetal, ko gonar da aka share, ko wurin da wutar ta riga ta cinye ta wuce, su ne mafaka.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a wurina, domin 'yan jarida na tafiya da zarar hayaƙi ya lafa. Abu na farko da manomi ke gani shi ne dukiyarsa da ba ta da inshora. Awakin da suka tsira ba su da abin ci, ga kofato da hantsa sun ƙone, dole a yanka ko a sayar a wulaƙance. Amyar zuma ta tafi, kuma ko ka sayi sabuwa ba furen da kudan zuma zai sha. Zaitun da kakan mutum ya dasa, ko ya toho daga gindi sai an yi shekaru kafin ya ba da abin kirki. Mai shekara saba'in da biyar ya san ba shi zai ci ba. Itacen da ya babbake kuma kowa na son sayarwa lokaci guda kafin ƙwari su shiga, sai farashi ya faɗi, dillalai su saya yadda suka ga dama. Ƙasar ma ba ta tsira ba: wuta mai zafi tana barin wani maiƙo a saman ƙasa da ke hana ruwa shiga, ruwan farko in ya sauka sai ya kwashe toka da taki ya zuba a rafi da madatsar ruwan sha.

Mutanen Fotugal ba su ma gama makoki ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 15 ga Oktoban shekarar, iskar guguwar Ophelia ta rura ɗaruruwan gobara a tsakiya da arewacin ƙasar, kusan mutum 50 suka sake mutuwa. Ministar cikin gida Constança Urbano de Sousa ta yi murabus bayan kwana uku. A shekarar kaɗai sama da hekta 500,000 suka ƙone.

Bayan asarar dukiya sai watsewar mutane. 'Ya'ya su zo daga birni su ce, Baba ba za ka sake kwana a nan ba, su tafi da shi. Wanda gidansa ya ƙone ya kama haya a gari kafin a gyara, shekara biyu ta wuce, yara sun saba da makaranta, shi ke nan. Duk gidan da ya tashi, gonarsa ta koma daji. Shi kuwa turare wuta ba ta kashe shi, yana tohowa daga kututture, 'ya'yansa su zube a toka su tsiro a cunkushe, ba mai tsugewa. Bayan shekara bakwai ko takwas tudun ya fi da cika, mutanen kuma sun fi da ƙaranci. Garin Paradise na jihar Kalifoniya a Amurka ya nuna wannan a fili. Kafin wutar 8 ga Nuwamban 2018 yana da mutum kusan 26,000. Wutar ta kashe 85, galibinsu tsofaffi, ta cinye gine-gine sama da 18,000. A ƙidayar 2020 mutanen garin ba su kai 5,000 ba. Waɗanda suka koma sun tarar ruwan famfo ya gurɓace da sinadarin benzin mai sa ciwon daji, sai da aka daɗe ana shan na gora. Kamfanin lantarki na PG&E, wanda tsohuwar wayarsa ta tada wutar, ya amsa laifin kisan mutum 84 ba da gangan ba a 2020.

Kuɗin taimako ma yana zuwa da tasa fitinar. Bayan wutar Pedrógão jama'a sun tara gudummawa mai yawa, gwamnati ta kafa asusu don sake gina gidajen da mutane ke zaune a ciki. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗin cewa an gyara gidajen hutu da kangayen da ba mai kwana a ciki tun kafin wuta. Magana ta kai kotu, kuma a 2022 aka samu tsohon shugaban ƙaramar hukumar da wasu da laifi. A ƙauyen da kowa ya san kowa, ka yi tunanin zaman maƙwabta bayan haka. A shekarar dai kotun birnin Leiria ta wanke mutum 11 da aka gurfanar kan mutuwar mutane a wutar Pedrógão, ciki har da kwamandan 'yan kwana-kwana da ma'aikatan kamfanin lantarki da na kula da titi, bisa hujjar cewa ba wanda zai iya hango irin juyin da wutar ta yi. A fannin ilimin wuta akwai gaskiya a hujjar. Amma uwar da ta rasa 'ya'yanta a titin da doka ta ce a share gefensa, ba a share ba, ba na jin za ka iya gamsar da ita.

Mafi muni shi ne neman wanda za a ɗora wa laifi tun wuta na ci. A watan Agustan 2021 wuta ta mamaye tuddan Kabiliya a Aljeriya, musamman lardin Tizi Ouzou, ta kashe aƙalla mutum 90, cikinsu sojoji 33, ta cinye zaitun da ɓaure da dabbobin da ƙauyukan ke rayuwa a kai. Hukumomi suka yi ta cewa da gangan aka cinna. Wani mai zane da kiɗa daga garin Miliana, Djamel Ben Ismail, ya taso takanas don ya taimaka da kashe wutar. A garin Larbaâ Nath Irathen aka nuna shi aka ce shi ne mai cinnawa. Jama'a suka fizge shi daga motar 'yan sanda, suka kashe shi, suka ƙone gawar, wasu na ɗauka a waya. A Nuwamban 2022 kotu ta yanke wa mutum 49 hukuncin kisa. Wannan ɓangaren ya kamata ya tsorata mu fiye da sauran, domin mun san yadda ake yi a wurinmu: dami ya ƙone a gona, kafin a tambayi ko mafarauta ne suka bi gafiya, ko mai cin zuma ne, ko guntun sigari, an riga an ce 'yan ruga ne. Su ma in makiyaya ta ƙone su ce manoma ne suka yi don a kore su.

Ta fuskar dukiya kuwa, namu bai fi nasu sauƙi ba. A yankin makiyaya na Nijar, wajen Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa, da Bermo a jihar Maraɗi, da arewacin Damagaram, busasshiyar ciyawar da ke tsaye a watan Oktoba ita ce rumbun makiyayi har ruwa ya sake sauka, wata takwas ko tara. Shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar wuta, domin ciyawar ta haɗe ba tsinkewa. Wuni guda na iska ya isa ya share abin da garke ɗari za su ci. Mutuwar ba ranar take zuwa ba, sai bazara, lokacin da saniya ta kasa tashi, buhun dusa da angurya ya yi tsada, aka sayar da biyu don a ciyar da uku. Ko kuma a yi kudu da wuri, a tarar manoma ba su gama kwashe amfani ba. Ghana ta ɗanɗana irin wannan a 1983, lokacin da fari da wutar daji suka cinye gonakin koko da na abinci, a shekarar da Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma gida suka tarar da yunwa.

Abin da Fotugal ta yi bayan 2017 zai ba ka mamaki, don yawancinsa komawa ne ga abin da ƙauye ke yi da can. An matsa kan dokar share kewayen gida, da tara ga wanda ya ƙi. An fito da shiri a 2018 na naɗa mutum guda a kowane ƙauye da zai san gidan kowane tsoho da maras lafiya, a ware wurin taruwa, a yi atisaye. An fara rajistar filaye kyauta don a san mai kowane yanki. Har biyan makiyaya aka riƙa yi su kora awaki su kiwace layukan tare wuta a kan tuddai, aikin da kakanninsu suka yi ba lada. Ya rage mace-mace, amma bai dawo da matasa ba, kuma sharar da aka yi bana sai an sake ta baɗi.

A Nijar ma maganin da aka sani shi ne layin tare wuta: a kankare ciyawa a yi hanya mai faɗi, mita goma sha biyar zuwa ashirin, a gicciye da inda iskar hunturu ke fitowa, a raba filin kiwo gida-gida yadda in ɗaya ya kama ba zai tsallaka ba. Gwamnati da ƙungiyoyi kan biya mutanen yankin kuɗin aikin, ciyawar da aka kankare kuma a ɗaure a ajiye wa dabbobi ko a sayar. Inda ake samun cikas shi ne lokaci. Dole a gama layin tsakanin ɗaukewar ruwa da bushewar ciyawa, wato ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da hannun kowa ke gona wajen girbi. In kuɗin aikin bai fito ba sai Disamba, yawanci wutar farko ta riga ta wuce.